Ƙawancen Soja Na Tare Kwaminis Da Abin Da Ya Bari A Iyakar Gobir

Kwanan baya muna wani kwas na malamai, ana cikin darasin tarihin duniya, sai wani saurayin malami daga ƙasar Sabon Birni ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce mu koya wa yara labarin NATO. To, yaron da ya kwana a daji jiya saboda tsoron 'yan bindiga, me zan ce masa ya haɗa shi da wannan NATO?" 'Yan ajin suka yi dariya, amma tambaya ce ta mai hankali. Na ba shi amsa a gurguje, ban kuwa gamsu da ita ba. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta ta sosai, domin malaman makaranta da ma'aikatan ofis, musamman na Sabon Birni da Isa, su sami abin da za su faɗa in an yi musu irin wannan tambaya.

Ƙawance Ba Baƙo Ba Ne A Gobir

Kafin mu tafi Turai bari mu fara daga gida. Bayan da Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, Gobirawa ba su haƙura ba. Cikin 1836 Sarkin Gobir Ali, da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi, da Ibra shugaban Abzinawa, suka haɗa rundunoninsu wuri guda don su yaƙi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka gamu a Gawakuke. Ali da Rauda suka mutu a fagen daga, Ibra ya tsira ya koma arewa. Waɗanda suka rage suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, wajen 1860, Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni bisa amana da Sakkwato. Abin lura a nan shi ne, abokin gaba guda ne ya haɗa mutanen nan uku, amma kowa da bukatarsa, kuma da aka sha kashi wanda gidansa ke nesa shi ya koma gida lafiya. Mu riƙe wannan a zuci.

Yadda Aka Kafa NATO

Da aka ƙare Yaƙin Hitila cikin 1945, Amurka da Ingila da Rasha waɗanda suka taru suka kā da Jamus sai suka fara zargin juna. Rasha tana bin tsarin Kwaminis, watau tsarin da gwamnati ke mallakar gonaki da masana'antu da ciniki, jam'iyya ɗaya ke mulki, shugabanni kuma ba su ga addini da gashi. Sojojinta suna zaune a ƙasashen gabashin Turai, ɗaya bayan ɗaya kuwa ƙasashen nan suka koma hannun 'yan Kwaminis. Cikin Fabrairu 1948 suka karɓe mulkin Cekosulobakiya. Cikin Yuni na wannan shekara Rasha ta toshe hanyoyin ƙasa da ke shiga yammacin birnin Balin, har sai da aka yi wata goma sha ɗaya ana kai wa mutanen birnin abinci da gawayi ta jirgin sama.

Tsoro ya kama ƙasashen yammacin Turai. Ranar 4 ga Afrilu 1949 ƙasashe 12 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Washinton. Cikinsu akwai Amurka, da Kanada, da Ingila, da Faransa, da Italiya, da Fotugal. Sashe na biyar shi ne zuciyar yarjejeniyar, ma'anarsa kuwa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Wannan ƙungiya ita ce NATO.

Da farko alkawari ne kurum bisa takarda, babu runduna. Yaƙin Koriya ne ya mai da shi runduna. Ranar 25 ga Yuni 1950 Koriya ta Arewa, wadda ke bin Kwaminis, ta auka wa Koriya ta Kudu. Ƙasashe 16 suka aika da mayaƙa ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Habasha daga Afirka. Manyan Turai suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, abin da ya faru a Koriya yana iya faruwa a Jamus. Saboda haka cikin Disamba 1950 aka naɗa Janar Aizinhawa na Amurka babban kwamanda, aka buɗe masa hedkwata kusa da Faris cikin 1951. Tun daga ran nan har yau, Ba'amurke ne ke riƙe da wannan muƙami. Girka da Turkiyya suka shiga cikin 1952, Jamus ta Yamma cikin 1955. Rasha ta mai da martani, ranar 14 ga Mayu 1955 ta haɗa nata ƙawancen a birnin Waso.

An kafa irin wannan ƙawance a waɗansu sassan duniya. Akwai SEATO ta kudu maso gabashin Asiya, wadda aka ƙulla a Manila cikin 1954, ta watse cikin 1977. Akwai kuma ƙawancen Bagadaza na 1955, wanda Iraƙi ta fita daga cikinsa cikin 1959, ya mutu cikin 1979 bayan juyin Iran. Waɗannan biyu ba su daɗe ba, domin abin da ke tsorata kowace ƙasa cikinsu dabam ne da na 'yar'uwarta.

Ya kamata malami ya nuna wa yara wani abu guda bisa taswira. Alkawarin taimakon juna na NATO yana da iyaka: Turai, da Amurka ta Arewa, da Turkiyya, da arewacin Tekun Atlantika. A Afirka Aljeriya kaɗai aka sa ciki, don Faransa tana ƙirga ta cikin ƙasarta, wannan kuwa ya faɗi da Aljeriya ta sami mulkin kai cikin 1962. Ƙasar Hausa ba ta taɓa shiga cikin alkawarin ba. Duk da haka inuwarsa ta iso mu, ta hanyar iyayen gijinmu na dā, Ingila da Faransa.

Ƙasa Biyu, Hanya Biyu

Iyakar da Turawan nan biyu suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Gulbin Maraɗi da ke bi ta Tsibiri ya gangaro ya haɗu da Gulbin Rima bai san da wannan iyaka ba, haka ma fatake da masu aurayya. Amma da mulkin kai ya zo cikin 1960, kowane ɓangare ya bi hanyarsa game da ƙawancen soja.

A Nijeriya, Ingila ta nemi yarjejeniyar tsaro. Tun rikicin Suwez na 1956 ta ga tana bukatar hanyar jiragen sama da za ta ratsa Afirka zuwa gabas, filin jirgin Kano kuwa yana kan wannan hanya. Yarjejeniyar ta ba jiragen yaƙin Ingila izinin ratsa samaniyarmu da sauka su sha mai, ita kuma Ingila ta horar da sojojinmu ta ba su kayan aiki. Majalisar Wakilai ta yarda cikin Nuwamba 1960. Amma ɗaliban kwalejin jami'a ta Ibadan suka yi zanga-zanga har cikin harabar majalisa a Ikko, 'yan hamayya kuma suka ce an ja mu cikin faɗan da ba namu ba. Cikin Janairu 1962 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ta Ingila suka soke yarjejeniyar.

A Nijar labarin ya sha bamban. Ranar 24 ga Afrilu 1961 Nijar da Kwaddibuwa da Dahome suka sa hannu a kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. Faransa za ta ajiye soja ta kuma kawo gudummawa in an nema. A ƙarshen takardar kuwa akwai wani sharaɗi da ya ba Faransa fifiko a kan ma'adinan da ke da amfani ga yaƙi, har da yuraniyom. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Labarin Sawaba

Wa Nijar ke tsoro har ta ɗauki wannan nauyi? A lokacin babu rundunar Rasha a Sahara. Abin tsoron yana cikin gida. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ita ke riƙe da gwamnatin Nijar daga 1957. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 ta nemi a ce "a'a" ga zama ƙarƙashin Faransa, ta sha kaye, aka kuma haramta ta cikin 1959. Ƙarfinta yana cikin garuruwa irin su Maraɗi da Tasawa da Damagaram, tsakanin 'yan kasuwa da direbobi da ƙananan ma'aikata. Tana da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ita ma kalmar nan ta sawaba ce takenta tun 1950.

Da aka toshe mata hanyar ƙuri'a, Sawaba ta aika da samari su koyi yaƙi a Sin, da Biyetnam ta Arewa, da Aljeriya, da Gana. Cikin Oktoba 1964 suka kutso Nijar ƙungiya ƙungiya, waɗansu ta iyakar Nijeriya, aka yi artabu a wurare har da yankin Birnin Ƙonni. Sun zaci talakawa za su tashi su bi su, amma gwamnatin Diori Hamani, da taimakon Faransa, ta riga ta shirya. Aka kama da yawa, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin Idi na Yamai don ya kashe Diori, bai same shi ba. Daga nan aka tsananta kame, mutane da yawa suka shekara da shekaru a kurkuku.

Wannan shi ne yaƙin tare Kwaminis kamar yadda ya zo maƙwabtanmu. A takardun manyan ƙasashe sunansa faɗan Gabas da Yamma. A ƙasa kuwa Bahaushe da Bazabarme ne ke farautar 'yan'uwansu a kan rikicin da asalinsa ƙuri'a ce. Shi kuma Diori, ran da sojojinsa suka tuɓe shi, 15 ga Afrilu 1974, sojojin Faransa na Yamai ba su fito daga bariki ba. Wanda ya gaje shi, Seyni Kunce, ya sallame su cikin wannan shekara.

Bayan Kwaminis

Cikin 1991 ƙawancen Waso ya rushe, Tarayyar Sobiyet ta wargaje. NATO ba ta watse ba, ƙaruwa ma ta yi, har ta kai ƙasashe 32 da shigar Finlan cikin 2023 da Suwidin cikin 2024. Sashen nan na biyar sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka.

Cikin 2011 ta yi yaƙi a Afirka. Bisa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na kare farar hula, jiragenta suka yi ta ruwan wuta a Libiya daga Maris zuwa Oktoba, aka kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba, NATO ta naɗe tabarmarta a ƙarshen watan. Ba a bar mai tsaron rumbunan makaman Libiya ba. Makamai suka malalo kudu, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye cikin 2012, bindiga ta yi araha a ƙasashen bakin Sahara.

Kada malami ya ce wa yara NATO ce ta kawo 'yan bindiga Gobir, wannan ba gaskiya ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tamu ce: satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da shari'ar da ba a yi adalci ba, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya. Amma arahar makamai ta mai da faɗan sanda da adda ya zama abin da muka gani. Daga 2019 dubun dubatan mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Cikin Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. Ƙauyuka suka watse, makarantu da yawa suka zama kufai.

Waɗansu sojojin baƙi kuma sun zo Nijar sun tafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, na Faransa suka fita cikin Disamba 2023, na Amurka cikin 2024. Nijeriya ta rufe iyaka cikin Agusta 2023, ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai kai gero da awaki kasuwa, ɗan bindiga kuwa dama ba ta ƙofar kwastan ya ke bi ba.

Amsa Ga Malaminmu

To, Malam, ga abin da za ka ce wa yaronka. Ƙawancen soja yana tsare waɗanda suka rubuta shi, a cikin iyakar da suka rubuta. NATO ta cika alkawarinta ga mutanenta, babu sojan Rasha da ya ƙetare zuwa yammacin Turai. Mu ba a yi mana wannan alkawari ba, sai dai tartsatsin wutar ya faɗo mana sau biyu, cikin 1964 da bayan 2011. Ka koya masa, duk ran da ya ji an ƙulla ƙawance da sunansa, ya tambayi wane ne abokin gaban, wa ke ba da umurni, kuma me aka yi alkawarin biya. Ɗaliban 1960 tambayar da suka yi ke nan, gwamnati kuwa ta saurare su.

Ƙawancen da Gobir ke bukata yau bai wuce tsakanin Sakkwato da Maraɗi ba, domin daji guda ne, gulbi guda, masifa guda. In hukumomin ɓangarorin biyu ba su magana da juna, ɗan bindiga ya kan yi ɓarna a nan ya kwana can. Ku malamai da ma'aikata, ku ne ke rubuta rahoto, ku ne ke zama da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi. Ku riƙa rubuta adadin makarantun da aka rufe da yaran da suka ƙetare iyaka, ku aika sama ba tare da ragi ba, domin sai da irin wannan lissafi manya ke gane girman abin. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da yaranmu aji. Amin.