Kula da Kwikwiyo da Ɗan Kyanwa a Watannin Farko

Jama'a da yawa a ƙasar nan suna ajiye kare domin gadi ko farauta ko tsaron garke, suna kuma ajiye kyanwa domin ta raba su da ɓera. Amma kaɗan ne suke kai waɗannan dabbobi wurin likita tun suna ƙanana. Watanni huɗu na farko kuwa su ne lokacin da ƙaramar dabba ta fi saurin mutuwa, kuma a cikinsu ne ake yi mata rigakafin da zai kiyaye lafiyar mutanen gidan.

Daga haihuwa zuwa yaye

Kwikwiyo da ɗan kyanwa ana haihuwarsu ido a rufe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idon yake buɗewa. Nonon farko, watau dakashi, shi ne kāriyarsu ta fari, gama yana ɗauke da garkuwar jikin uwa. Lalle ne su sha shi a ranar da aka haife su. A keɓe musu wuri busasshe mai ɗumi, tun ba a lokacin hunturu ba, domin jikinsu bai iya riƙe zafi ba tukuna. Da sun kai mako 3 ko 4 sai a soma ba su abinci mai laushi, amma kada a raba su da uwa sai sun cika mako 8. Madarar shanu takan sa su zawo, ba ta kuwa zama a madadin nonon uwa.

Tsutsar ciki, ƙuma da kaska

Yawancin 'yan kwikwiyo suna samun tsutsar ciki daga uwarsu tun kafin haihuwa ko ta nono. Alamunta su ne tulun ciki, rama, da gashi marar sheƙi. Ana soma ba kwikwiyo maganinta yana ɗan mako 2, ɗan kyanwa kuwa yana ɗan mako 3, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 har su kai wata 3. Ƙwayayen tsutsar suna fita cikin kashi, suna kuma iya kama yaran da ke wasa da ƙasa. Saboda haka a riƙa kwashe kashin kullum, yara kuma su wanke hannu kafin cin abinci.

Ƙuma da kaska suna shan jini har ƙaramar dabba ta galabaita. Kada a wanke ta da maganin feshin gona ko na wankan shanu. Wani maganin ƙuma da ake sa wa kare yana kashe kyanwa. Haka nan farasitamol, wanda mutane ke sha domin zazzaɓi, guba ne ga kyanwa ko da kaɗan ne.

Allurar rigakafi

Garkuwar da aka samu daga dakashi tana raguwa a hankali, shi ya sa allura ɗaya ba ta isa. Ana yi wa kwikwiyo ta farko yana ɗan mako 6 zuwa 8, a sāke duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Tana kāre shi daga cututtuka irin su farbo, mai sa amai da zawon jini, da distemfa, mai sa majina da tari da farfaɗiya. Ɗan kyanwa ana soma masa wajen mako 8, domin mura da wata muguwar cutar hanji. Kafin a kammala allurai, kada a bar su su yi cuɗanya da dabbobin da ke yawo a titi.

Ciwon haukan kare

Allurar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta ciwon haukan kare. Ana yinta da dabba ta cika wata 3, a kuma riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Kyanwa ma tana kamuwa, don haka ita ma a yi mata. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura. A adana takardar shaidar da likita ya bayar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro yakan yi wasa da kwikwiyo, ya sha cizo ko yakushi, ya ɓoye don tsoron faɗa. Ƙanƙantar kwikwiyo ba ta hana shi ɗaukar ciwon. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Wanda aka ciza, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti a ranar domin allura. Kada a tsaya maganin gida. Dabbar kuwa a tsare ta kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

Lokacin gaggawa

Idan kwikwiyo ko ɗan kyanwa ya ƙi cin abinci yini guda, ko yana amai da zawo, ko dasashinsa ya yi fari, ko yana numfashi da ƙyar, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a jihohi, da asibitocin koyarwa a jami'o'in Zariya, Ibadan, Nsukka, Maiduguri da Sakkwato. Wanda ya ɗauki dabba ya ɗauki amana, hakkinta da na maƙwabta yana wuyansa. Rigakafi ya fi magani.