Adireshin cikin gida da adireshin waje: bayani kan lambobin IP a gundumomin Ƙwanni, Malbaza da Illela

0. Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce fayyace bambancin da ke tsakanin lambobin IP iri biyu, waɗanda muka zaɓi mu kira adireshin cikin gida da adireshin waje. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne wata matsala da mai akwatin wifi zai iya cin karo da ita a Birnin Ƙwanni ko Galmi ko Badagishiri: ya girka kyamara a shagonsa ko a rumbun albasarsa, tana aiki sarai muddin yana cikin gidan, amma da zarar ya isa Tawa ko Yamai sai hoto ya ɗauke. Laifin ba na kyamarar ba ne. Asalinsa yana cikin tsarin rabon adireshi.

1. Asalin ƙarancin adireshi

Ƙa'idar IPv4, wadda aka bayyana a shekarar 1981, ta tanadi adireshi mai tsawon bit 32, da ake rubutawa kashi huɗu, kowane kashi daga 0 zuwa 255. Jimillar adiresoshin da za a iya samu ita ce 4,294,967,296, adadin da bai kai yawan mutanen duniya ba. Hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta ranar 3 ga Fabrairu 2011. A nahiyar Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishas ita ke ba kamfanonin sadarwa kasonsu tun shekarar 2005. Saboda haka adireshin waje kaya ne mai tsada, ba a ba kowace na'ura nata.

2. Adireshin cikin gida

A shekarar 1996 takardar RFC 1918 ta keɓe rukuni uku don amfanin cikin gida:

a) daga 10.0.0.0 zuwa 10.255.255.255
b) daga 172.16.0.0 zuwa 172.31.255.255
c) daga 192.168.0.0 zuwa 192.168.255.255

Kowa yana da ikon amfani da waɗannan lambobi ba tare da neman izini ba, bisa sharaɗin cewa ba sa fita kan babbar hanyar intanet. Don haka wayar wani malami a Malbaza da kwamfutar wani ɗan kasuwa a Illela suna iya ɗaukar lamba guda, misali 192.168.1.5, ba tare da wani rikici ba. Kamar sunan “ɗakin tsakiya” ne: kusan kowane gida yana da shi, amma ba a aika wasiƙa da wannan suna kaɗai.

3. Yadda saƙo ke fita ya komo

Akwatin wifi fuska biyu gare shi: ta ciki mai adireshin gida, da ta waje mai lambar da kamfanin sadarwa ya ba shi. Idan waya ta nemi wani shafi, akwatin yakan cire adireshinta ya sa nasa, ya haɗa da wata lambar ƙofa, sa'annan ya rubuta a jadawalinsa cewa amsar da za ta zo ta wannan ƙofa ta wance na'ura ce. Wannan dabara ta musanya adireshi, da aka sani da NAT, an bayyana ta tun 1994.

Mai karatu zai tuna da akwatin gidan waya: ma'aikata da dama sukan karɓi wasiƙunsu ta lambar akwatin ma'aikata guda, sai masinja ya rarraba. Sai dai akwai bambanci. Masinja yana duba sunan da ke bayan ambulan. Shi kuwa akwatin wifi amsar saƙon da ya fita kawai yake ganewa. Saƙon da ya zo ba a neme shi ba, watsar da shi yake yi, sai fa idan mai gida ya buɗe masa ƙofa ta musamman zuwa wata na'ura.

4. Zaure na biyu

A nan ne matsalar kyamara take. Galibin masu intanet a waɗannan gundumomi ta layin wayar salula suke samunsa, kuma kamfanonin salula a ƙasashe da dama sukan sake yin musanyar adireshi a cibiyoyinsu, ta yadda masu layi da yawa ke tarayya a adireshin waje ɗaya. A shekarar 2012 an keɓe rukunin 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 domin wannan aiki. Ke nan akwai zaure biyu tsakanin kyamara da duniya, kuma makullin na biyun ba ya hannun mai gida.

Gwajin mai sauƙi ne. A duba lambar fuskar waje a shafin sarrafa akwatin, a kwatanta ta da wadda wani shafin intanet mai nuna adireshi ya bayar. In sun bambanta, to akwai zaure na biyu, buɗe ƙofa a akwati ba zai yi amfani ba. Mafita uku ce: neman tsayayyen adireshin waje daga kamfani, ko amfani da uwar garke ta tsakiya wadda kyamara ke kira da kanta, ko komawa ga IPv6 mai bit 128 inda layin yake ba da shi.

5. Kammalawa

Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, adireshin waje ba ya nuna garin mutum daidai: yana nuna kamfanin da aka ba lambar. Mazaunin Ƙwanni da ya hau layin wani kamfanin Nijeriya a bakin iyaka zai fito a intanet da adireshin Nijeriya. Na biyu, adireshin waje ba ya nuna mutum guda. Tun da Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a 2019, wannan batu ya shafi shari'a: lamba kaɗai, ba tare da lokaci da lambar ƙofa da rajistar kamfani ba, ba ta isa hujjar kama wani ba. Muna ganin ya dace malamai su tsayar da waɗannan kalmomi biyu a Hausa, domin alƙali da tafinta da wanda ake tuhuma su fahimci abu guda.