Jinkirin Sauti Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa hango mata suna daka daga nesa, ko a Yangoji ko a wani ƙauye, ya san ido yana riga kunne. Taɓarya ta sauka, sa'an nan ƙarar ta iso. Dalili kuwa, sauti tafiya yake yi, wajen mita 343 cikin sakan guda. To, akwai irin wannan jinkiri cikin kwamfuta. Shi ke wahal da masu haɗa waƙa a Kano, shi ne kuma zai wahal da malamin da ke son ɗaukar waƙar 'yan makarantarsa.

Kwamfuta ba ta karɓar murya a kwarare. Yanka ta take yi gutsi-gutsi, sau 44,100 a sakan, ta tara cikin wani ma'auni da ake kira bafa, watau kamar mudu, sai ya cika ta juye. Bafa mai cin gutsure 512 tana ɗaukar kusan milisakan 12 kafin ta cika. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Wajen fita ma haka, ka ga an haura 23 ke nan. Yaro ya ji muryarsa tana biye da shi a kunne, sai ya rikice ya saki kiɗa, a ce bai iya ba, alhali kuwa laifin na'ura ne.

Awonsa ba wuya. Rage ƙara tukuna, ka haɗa mafitar sauti da mashigarsa da waya. Kashe gyaran jinkiri da manhaja ke yi da kanta, ka kunna ƙwas guda, ka ɗauke shi a layi na biyu. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce jinkirinka.

Magani na fari shi ne ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1997, yana gajarta wa sauti hanya cikin Windows. Zaɓe shi cikin Cubase ko FL Studio, ka rage bafa zuwa 128, abin ya koma ƙasa da milisakan 3 kowane gefe. Amma fa kada ka zarce. In bafa ta yi ƙanƙanta, kwamfuta ta kasa, sai ka ji ƙaraf-ƙaraf kamar ana taka karmami. In an gama ɗauka, mai da ita 1024 ka yi gyara a natse. Abin kunne na Bluetooth kuwa, a ajiye shi, gama jinkirinsa yakan wuce milisakan 100.