Awa Nawa Ya Kamata Direban Tirela Ya Yi A Kan Sitiyari?

Mafi yawan manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kudu su biyo ta Abuja za su Kano ko Katsina ko Maraɗi, ta Gonin Gora suke shigowa Kaduna. Wasu su miƙe hanyar Nnamdi Azikiwe su wuce Kudenda su haye kogi, wasu su karkata Kakuri su sauke lodi. Kudancin garin Kaduna ya saba da gurnanin gingimari tun da aka kafa masaƙar farko a Kakuri a 1957, sai kamfanin harhaɗa Peugeot a 1975, sai matatar mai ta hanyar Kachiya a 1980, ga kuma tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Janairun 2018.

In jami'in hanya ya tsayar da ɗaya daga cikin motocin nan, zai nemi lasisi da takardun mota da takardar kaya, ya duba taya da abin kashe gobara. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: yaushe rabon direban da barci? Ko an yi ta ma, babu takardar da za ta ba da amsa.

A yi lissafi. Tsakanin Legas da Kaduna akwai kimanin kilomita 900. Gudun da aka ƙayyade wa tirela da tanka a babbar hanya mai tagwayen titi shi ne kilomita 60 a awa. Ke nan awa 15 taya na juyawa, ba a sa ramuka da shingaye da cunkoso ba, ba a kuma sa kwanakin da direba ya kwashe yana bin layin lodi a tashar jiragen ruwa ta Apapa ba. Duk wanda ya ce a yi wannan tafiya ba kwana, ya yanke daga barcin direba ne.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma masana sun gano yadda yake satar. Muddin mutum na farke, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yana ƙara masa nauyin ido. Goro da shayi da gahawa ba sa kwashe shi, suna dai toshe ƙofar da yake bi ya isar da saƙon gajiya, da ƙarfinsu ya sake sai bashin ya faɗo gaba ɗaya. Ban da wannan, jiki yana da agogonsa da ke sassauta hankali tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba, da kuma bayan azahar. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, wanda aka wallafa a mujallar Nature a 1997, ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa suna aiki kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Wannan shi ne iyakar da dokar Nijeriya ta gindaya wa mai tuƙi. Ashe direban da bai taɓa kurɓar giya ba yana iya tuƙi irin na mashayi.

Mafi haɗari shi ne gyangyaɗin da ba ya sallama. Ido a buɗe, hannu a kan sitiyari, amma ƙwaƙwalwa ta ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu. Motar da ke gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, cikin daƙiƙa huɗu ta ci mita 67 ba mai jan ta. A Gonin Gora ko mahaɗar Command, wannan tazarar cike take da 'yan talla da masu babur da yara masu tsallaka titi. Ƙwayoyi irin su tiramadol da wasu ke sha don su jure ba sa hana wannan, sai dai su hana mutum gane cewa ya gaji.

Ba wai Nijeriya ba ta da doka ba ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012, kuma a cikinsu akwai iyakar awannin da direban motar haya zai yi yana tuƙi da hutun da ya wajaba ya samu. Hukumar ta sha jan kunnen direbobi su tsaya su huta bayan kowace awa huɗu. Tun 2017 take tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Amma gudu ana iya auna shi a gefen titi, gajiya kuwa sai da rubutu.

A nan littafin tafiya ya shigo, wato inda ake rubuta awannin tuƙi da na hutun direba. A Amurka direban babbar mota ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, kuma sai bayan ya huta awa 10 a jere. In ya yi awa 8 a kan sitiyari dole ya dakata minti 30. A Tarayyar Turai awa 9 ne a yini, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, kuma ba a haura awa 56 a mako. Shekaru da dama Amurkawa da alƙalami suke cike littafin, wasu kuma suna ajiye biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa jami'i. Shi ya sa daga Disambar 2017 aka wajabta na'urar da ke manne da inji tana rubuta lokaci da kanta. Turawa sun daɗe da tasu na'urar: faifan takarda zagayayye ake sa mata, yana juyawa sau ɗaya a awa 24, allurai na karce gudu da tsayuwa a kansa, ta yadda jami'i zai ɗaga shi ya karanta yinin direba kaf. Daga 2006 sabbin motocinsu suka koma amfani da kati mai ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne wanda ake kamawa. Dokar Turai ta ɗora wa kamfani alhakin laifin direbansa, ta hana biyan direba bisa nisan tafiya ko yawan kaya in hakan zai jefa mutane cikin haɗari, ta kuma haɗa da mai kayan da ya tsara lokacin da ba zai yiwu ba. A wurinmu direbobi da yawa samunsu ya rataya ne a kan yawan sawu da abin da ya rage daga kuɗin hanya. Wayar maigida kuma ba ta barin mutum: "Malam, kana ina? Mai kaya ya dame ni." In aka kawo littafi aka bar wannan tsari yadda yake, an ƙara wa direba abin da za a tatse shi a kai ne kawai.

Sai kuma wurin tsayawa. Bayan shekarun da aka yi ana sace mutane a wajajen Rijana da Katari, ba direban da zai ajiye mota a daji don awa huɗu ta cika. Sai ya daure ya kai Tafa ko Gonin Gora ko Mararrabar Jos, inda motoci ke jeruwa a kafaɗar titi. Yaron mota ya cusa katako a gindin taya, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, kunne ɗaya na sauraren masu zuƙe man tanki, sauro na cizo, motoci na wucewa dab da kansa. A littafi za a rubuta hutu, jiki kuwa bai shaida ba.

Kudancin garin Kaduna wuri ne da ya dace a fara gyara, domin a nan ake lodi da sauke kaya. Masana'antun Kakuri da Kudenda da tashar kan tudu duk suna rubuta lokacin shiga da fitar mota a bakin ƙofa, manyan kamfanoni kuma sun riga sun sa wa motocinsu na'urar bin sawu don tsaron kaya. Bayanin yana nan, sai a juya shi ya tsare direba. A riƙa buga lokacin tashi a takardar kaya, motar da ta iso da saurin da ba zai yiwu ba sai da hana ido barci a tuhumi mai ita. Ƙungiyar masu manyan motoci ta NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG su sa awannin hutu cikin yarjejeniyar aiki. Gwamnati kuma ta samar da garejin kwana mai katanga da tsaro da ruwa da masallaci a bakin gari, kafin ta aika jami'i ya tambayi direba littafinsa.