Yadda Za Ka Ba Da Jingar Gyaran Gida Ba Ka Yi Hasara Ba

Jama'a manoma, kaka ta wuce, amfani ya shiga rumbu. Yanzu ne mai gida ke duba ɓarnar da damina ta yi masa: katanga ta zaizaye, soro yana yoyo, indararo ya karye. To, kafin ka kira magini ko kafinta, ka sani yawancin kuɗin da ke salwanta wajen gyara, tun ranar ciniki suke salwanta.

Da fari, lokaci. Kada ka jira sai hadari ya fara haɗuwa a watan Afrilu ko Mayu. A sa'an nan kowa na neman magini, shi kuwa sai ya tsuga kuɗi, ya yi aikin gaggawa domin ya tafi wani gida. Fara tun da sanyi, sa'ad da tubali ke samun rana ya bushe sarai.

Na biyu, kira magina biyu ko uku, kowa ya faɗi nasa kuɗin. Amma kada ka ruga wurin mai rahusa, gama araha ba ta ado. Je ka ga ɗakin da ya gina wanda ya ci damina biyu ko uku. In bango bai tsage ba, mai gidan kuma ya yabe shi, to shi ne naka.

Na uku, raba kuɗin aiki da kuɗin kaya. Ba shi jingar aikin hannu kaɗai, kai ka sayo kaya da kanka, ka karɓi rasit. Lissafin ba wuya. Buhun siminti kilo 50 ne. Bandir ɗin kwano falle 20 ne. Bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, watau bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 zai ci bulo 120, kana a cire gurbin ƙofa da taga. Wanda ya san wannan, ba a ce masa a sayo 200.

Na huɗu, a rubuta. Ko da ɗan'uwanka ne, a sami malami ko akawu ya rubuta irin aikin, da kuɗinsa, da ranar gamawa, da wanda zai ba lebura abinci, shaidu biyu su sa hannu. A yanka kuɗin kashi uku: kafin alƙalami kaɗan, kashi na biyu in an kai rabi, na ƙarshe sai ka duba aiki ka gamsu. Wanda ya biya duka tun farko, shi zai koma bin magini yana roƙo. Wannan tsari yana da wata riba ga manomi: hatsi ba ya daraja da kaka, saboda haka ba sai ka kwashe rumbu gaba ɗaya ba. Sayar kaɗan-kaɗan gwargwadon biyan da ya zo.

Na biyar, abin da hannunka zai iya, kada ka saye shi. In kana da amalanke ko jaki, kai da yaranka ku ɗebo ƙasa da yashi da ruwa. In ginin ƙasa ne, makubar ɗorawa da katsin marina suna sa yaɓe ya jure ruwa, azarar giginya kuwa gara ba ta cika cinta ba.

Sa'an nan ka tsare abin da ka saya. Ajiye siminti bisa katako, nesa da bango, kada laima ta sandarar da shi. In an yi daɓe ko yaɓen siminti, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, balle da hunturu, gama iska na busar da shi ya tsattsage. Ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28.

Daga ƙarshe, kada ka yi ta sāke shawara bayan an fara aiki. Kowace taga da aka matsar, sabon ciniki ce. Kai kuma, in magini ya cika alkawari, biya shi hakkinsa ran nan ba ja-in-ja. Baɗi in ka neme shi, da sauri zai zo, da sauƙi kuma zai yi maka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.