Wata firamare a Sabon Garin Kano

Rajistar aji biyu a wannan makaranta ta gwamnati da ke ƙaramar hukumar Fagge ta ishe ka sanin tarihin unguwar. Ga 'ya'yan Inyamurai masu shagunan kayan gyaran mota, ga na Yarabawa, ga Nupawa da Tibi da Idoma, ga kuma Hausawan da suke tsallakowa daga Fagge. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan kudu wannan wuri, kuma har yau baƙi ba su daina sauka ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A takarda abin ya yi kyau. Amma a nan wane harshe ne na yankin? Malama takan fara da Turanci, ta ga idanu sun yi zuru, ta juya Hausa, in ta ƙi ci ta sauka zuwa buroka. Wanda ya shigo sabo daga ƙauyensu kuwa, sai ta zaunar da shi kusa da ɗan yarensu ya riƙa yi masa tafinta. Lokacin tara, wajen mai awara, yaran kan gama abin da ya gagari allo; kafin zango ya ƙare baƙon ya iya ciniki da Hausa, har da zagi.

Harshe ma mai sauƙi ne, a ganina. Inda sabon malami yake tuntuɓe shi ne ladabi. Ɗan Bayarabe ya kwanta rub da ciki ya yi gaisuwa, aji ya kwashe da dariya. 'Yar Bahaushe ta sunkuyar da kai in ana mata magana, don haka aka tarbiyyantar da ita, malamin da ba ɗan gari ba ya zaci rashin gaskiya ne ko rashin sani. Wani yaron kuma ya tsaya ƙyam ya kalle ka ido cikin ido, malami Bahaushe ya ce fitsara ce, alhali a gidansu ba laifi ba ne. Yara da yawa sun sha bulala a kan wannan, ba don sun yi komai ba.

Darasin addini ne kaɗai ke raba ajin: Musulmi su zauna, Kiristoci su bi malaminsu wani ɗakin. Sauran rikicin na kalanda ne. Bayan hutun Kirsimeti kujerun waɗanda suka tafi gida kudu kan jima babu kowa, bayan Sallah kuma sai na wasu, dole malama ta maimaita darasi.