Bizar aikin injiniya a Birtaniya: abin da ya kamata iyaye su sani kafin su fitar da kuɗi



A gidaje da yawa a Nima, Mamobi, Aboabo da sauran unguwanninmu, akwai yaro ko yarinya da aka sha ɗawainiya a kansu har suka gama karatun injiniya a Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ko jami'ar ma'adinai ta Tarkwa, ko wata jami'ar fasaha. Yaro ya yi shekarar bautar ƙasa, ya dawo gida, aiki bai samu ba, ko ya samu amma albashin bai taka kara ya karya ba. Ana cikin haka sai wani ya ɓullo, wani lokacin ma ɗan unguwa ne da aka san iyayensa, ya ce yana da hanya: akwai kamfani a Ingila da zai ɗauki nauyin yaron, a dai haɗo kuɗin takarda. Daga nan sai a fara zancen sayar da fili, ko kwashe adashin uwa, ko taɓa kuɗin da aka tara don aikin Hajji.

Wannan biza gaskiya ce, kuma injiniyoyi daga ƙasashen Afirka suna samun ta. Sai dai ba a sayar da ita. Idan magidanci ya san yadda ake bayar da ita, zai gane mai gaskiya da mai neman cin kuɗinsa tun a zaman farko.

Aiki ake fara samu, biza ta biyo baya

Tun watan Disamba na 2020 Birtaniya ke amfani da tsarin da ake kira bizar ƙwararrun ma'aikata. Ba kamar bizar ziyara take ba, wadda mutum zai nema don kansa. Sai kamfani ya fara ɗaukar mutum aiki, kuma dole kamfanin ya mallaki lasisin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya.

Bayan kamfani ya tattauna da mai neman aiki ya gamsu da shi, sai ya fitar masa da shaidar ɗaukar nauyi, wadda aka fi sani da CoS. Mutane na kiranta takarda, amma a zahiri rajista ce a kwamfutar gwamnati, mai lamba ta musamman. A cikinta akwai sunan ma'aikacin, irin aikin, albashinsa da ranar da zai fara. Da wannan lambar yake cike neman biza a intanet, kuma dole ya yi amfani da ita cikin wata uku. Sunan mutum ɗaya ake fitar da ita, don aiki ɗaya, a kamfani ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce yana da CoS a ajiye yana jiran mai saye, maganarsa ta saɓa da yadda tsarin yake.

Sharuɗɗan da ake dubawa

Na farko, matakin aikin. Daga 22 ga Yuli 2025 an ɗaga sharaɗin zuwa ayyukan da ke buƙatar ilimin digiri, in ban da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe. Aikin injiniyan gine-gine, na lantarki da na injuna duk suna cikin wannan rukuni.

Na biyu, albashi. Daga wannan ranar mafi ƙarancin albashi ya koma fam 41,700 a shekara. Ban da wannan, kowace sana'a tana da nata adadin da gwamnati ta ƙayyade, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za a biya. A fannonin injiniya da dama adadin sana'ar ya haura fam 41,700. Akwai sassauci ga wanda bai kai shekara 26 ba: ana iya biyan sa kashi 70 cikin ɗari na adadin sana'ar, muddin bai gaza fam 33,400 ba.

Na uku, Turanci. Ko da yake da Turanci ake karatu a Ghana, ƙasar ba ta cikin jerin waɗanda aka ɗauke wa 'yan ƙasarsu kawo shaida. Ko dai yaro ya zauna jarrabawar da gwamnatin Birtaniya ta amince da ita, kamar IELTS irin ta masu neman biza, ko ya aika takardun digirinsa ga hukumar Ecctis ta tabbatar da cewa da Turanci aka koyar da shi, kuma digirin ya yi daidai da na can. Daga 8 ga Janairu 2026 an ƙara tsaurara matakin ga sababbin masu nema, daga B1 zuwa B2.

Na huɗu, gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi a Accra, wanda takardarsa ke aiki na wata shida. Na biyar, shaidar cewa mai nema yana da aƙalla fam 1,270 a asusunsa na tsawon kwana 28 a jere, sai fa idan kamfanin ya rubuta a CoS cewa zai riƙe shi a watan farko.

Iyaye su dubi adadin albashin nan da kyau. Kamfanin da zai biya mutum fiye da fam 40,000 a shekara ba zai ɗauke shi ba tare da ya ga fuskarsa, ya yi masa tambayoyi a kan aikin ba.

Wa ke biyan me

A nan ne ake cutar mutanenmu, don haka a natsu.

Kuɗi uku suna wuyan kamfani: kuɗin lasisinsa, kuɗin fitar da CoS, wanda ya koma fam 525 a Afrilun 2025, da wani haraji da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙon ma'aikaci a kowace shekara. An hana kamfani ɗora wa ma'aikaci wannan harajin, kuma daga 31 ga Disamba 2024 an hana shi ɗora masa kuɗin lasisi da na CoS. Kamfanin da aka kama yana yi yana iya rasa lasisinsa. Haka kuma wata doka ta 1973 ta hana ofisoshin sama wa mutane aiki a Birtaniya karɓar kuɗi daga mai neman aiki irin wannan. Kamfani ne ke biyan su ladansu.

Abin da ke wuyan mai nema, a farashin 2025, shi ne kuɗin biza fam 769 idan ta shekara uku ce ko ƙasa da haka, ko fam 1,519 idan ta wuce shekara uku. Sai kuɗin kiwon lafiya, fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin tafiya. Ke nan biza ta shekara uku ga mutum ɗaya ta tashi fam 3,874. A ƙara kuɗin gwajin tarin fuka, na jarrabawar Turanci da tikitin jirgi. Gwamnati kan sauya waɗannan farashin, don haka a duba shafinta na gov.uk ranar da za a biya.

Kuɗin biza da na lafiya a shafin gwamnati ake biyan su, rasit ya fito da sunan mai nema. Babu ko sisi da ke bi ta asusun wani mutum ko ta lambar MoMo. Wasu kamfanoni kan biya wa ma'aikaci waɗannan kuɗin da sharaɗin zai mayar idan ya bar aiki da wuri. Idan akwai irin wannan a yarjejeniya, a karanta shi sosai kafin a sa hannu.

Yadda ake gane tarko

Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisi a shafin gov.uk, kuma kyauta ake dubawa. Idan sunan kamfani ba ya ciki, magana ta ƙare. Idan yana ciki ma, bincike bai ƙare ba, domin 'yan damfara kan ari sunan kamfanin gaske su buga wasiƙa da tambarinsa. Yaro ya nemo lambar kamfanin daga shafinsa na ainihi, ba wadda dillali ya ba shi ba, ya tambaya ko sun san da ɗaukarsa. Ya kuma lura: kamfanin gaske da adireshin imel ɗinsa yake rubutu, ba ta WhatsApp kaɗai ba. Duk inda aka ji "a biya kafin Juma'a ko gurbin ya wuce", ko "kada ku gaya wa kowa", a ja da baya. Sauri ya haifi nawa.

Asarar iri biyu ce. Ta farko, CoS ɗin ta bogi ce, ko an haɗa wa yaro takardun banki da na ƙwarewa na ƙarya. Idan jami'an biza suka gano yaudara, za a hana shi biza, kuma ana iya haramta masa shiga ƙasar har shekara goma. Dillali ya tafi da kuɗi, sunan yaro ne ya ɓaci.

Ta biyu ta fi ciwo. CoS ɗin ta gaske ce, amma babu aikin a ƙasa. Yaro ya isa, ba aiki, ba albashi, ga bashi a gida. Ranar da gwamnati ta soke lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ma'aikaci ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. An ga haka a fannin kula da tsofaffi da marasa lafiya: tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an soke lasisin kamfanoni fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbin ma'aikatan wannan fanni daga waje. Don haka wanda ya ce wa injiniya ya shiga da bizar kula da tsofaffi, daga baya ya koma sana'arsa, ƙofar da aka rufe yake nuna masa.

Inda ya kamata ƙoƙarin gida ya tafi

Kamfani yana jure wannan kashe kuɗi ne idan ya rasa mai ƙwarewar a kusa. Digiri kaɗai da wuya ya wadatar, domin jami'o'in Birtaniya ma suna yaye injiniyoyi kowace shekara. Abin da ke jan hankali shi ne aikin da mutum ya taɓa yi da hannunsa: gadar da ya sa ido a gininta, tashar lantarkin da ya gyara, injunan da ya kula da su.

Saboda haka kada a raina aikin gida. Shekarun da yaro zai yi a ma'adinan Tarkwa ko Obuasi, a tashar jiragen ruwa ta Tema ko Takoradi, a kamfanin lantarki ko na gina hanyoyi, su ne jarinsa, ko da albashin farko bai yi daɗi ba. Ya yi rajista da Majalisar Injiniyoyi ta Ghana, wadda dokar 2011 ta kafa, ya kuma shiga ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa. Ƙungiyoyin injiniyoyi na Birtaniya kamar ICE, IET da IMechE suna karɓar mambobi daga ƙasashen waje, kuma shaidarsu tana da nauyi wurin masu ɗaukar aiki. Ya riƙa rubuta kowane aiki da ya yi, da sunan shugaban da zai iya ba da shaida a kansa. Sannan ya nemi aiki kai tsaye a shafukan kamfanonin da ke da lasisi. Za a ƙi shi sau da yawa kafin a dace. Wannan ba abin kunya ba ne.

Idan gida yana da abin taimakawa, ga inda zai yi amfani: kuɗin jarrabawa, kuɗin rajistar ƙungiya, kwas na ƙarin ƙwarewa, da ajiya a asusun yaron kansa don ranar biyan kuɗin biza.

Bayan an isa

Bizar tana ɗaure da kamfanin da ya ɗauki nauyi. Idan ma'aikaci zai sauya wurin aiki, sai sabon kamfani ya fitar masa da sabuwar CoS, ya sake neman izini. Ba shi da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati idan abu ya ƙure. Yana iya tafiya da matarsa da 'ya'yansa 'yan ƙasa da shekara 18, amma kowanne sai an biya masa kuɗin biza da na lafiya, kuma mace ɗaya dokar shige da fice ta yarda a kai. A tsarin da aka saba, bayan shekara biyar ana iya neman izinin zama na dindindin, amma a Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da wa'adin shekara goma.

Iyaye kuma su tausaya. Idan aka ji adadin albashi aka juya shi zuwa sidi, sai a ga kamar yaro ya zama attajiri. Kafin kuɗin su shiga hannunsa an cire haraji da inshorar ƙasa, ga kuɗin haya mai tsada, ga na ɗumama ɗaki lokacin sanyi. A bar shi ya tsaya da ƙafafunsa a shekarar farko kafin a ɗora masa lalurar dangi duka.

Sauran ƙasashe

Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina. A Amurka kamfani ne ke shigar da neman bizar H-1B. Guraben 85,000 ne a shekara, ana zaɓe a watan Maris, kuma a Satumbar 2025 gwamnati ta sanya kuɗi dala 100,000 a kan sababbin takardun waɗanda ake ɗaukowa daga waje. A Jamus, katin aiki na Tarayyar Turai yana buƙatar yarjejeniyar aiki da digirin da hukumomin ƙasar suka amince da shi. A Saudiyya, sai mutum ya yi rajista da Majalisar Injiniyoyi ta ƙasar kafin ya yi aiki da sunan injiniya, don haka a tabbatar sana'ar da aka rubuta a biza ita ce wadda aka yi alkawari.

Idan wani ya zo gida da tayin irin wannan, dattijo ba ya buƙatar sanin kwamfuta kafin ya kare iyalinsa. Ya tambaya: mene ne sunan kamfanin, kuma yana cikin jerin gwamnati? Wa ya yi wa yaron tambayoyin aiki, kuma yaushe? Ina yarjejeniyar da ke nuna albashi? Kuɗin da ake nema, na mene ne, kuma asusun wa za su shiga? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. A kuma nuna takardun ga wani injiniya ko malami mai ilimin zamani a unguwa kafin a fitar da ko sidi ɗaya.

Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu hanyar halal, ya tsare dukiyar iyaye daga hannun azzalumai. Amin.